Sos ɗin zuma da mutar: kwana nawa yake muku kafin ya lalace?

Amaryar Garwa: Salam 'yan uwa. Masu haɗa sos ɗin zuma da mutar (wato mustard, ruwan ɗorawan nan mai kauri da ɗan yaji-yaji) na salak da gasasshiyar kaza, kwana nawa yake kai muku a firijo? Ga zafin Afrilu ga ɗauke wuta, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Maman biyu, Marwa: Amarya ai ya danganta da abin da kika zuba. In mutar ne da zuma da binegar da mai kawai, a kwalbar gilas da na wanke da ruwan zafi ta bushe ƙarau, yana kai min sati biyu lafiya lau, tsamin binegar ɗin ne ke riƙe shi. Amma da zarar mayonez ko yawur ya shiga ba na bari ya wuce sati. In kin ga mai ya taso sama kar ki zubar, girgiza kawai yake so.

Mai gashin kaza, Kuseri: Ni abin da ya fi ɓata min shi cokali ne, yaro ya taɓa kaza da shi ya sake tsomawa a kwalba, shi ke nan. Yanzu a ƙaramin kwano nake ɗiba, abin da ya rage a kwanon ba ya komawa ciki ko da kuwa ya kai rabi.

Baba na Ngawundare: Mu nan gidan zuma ne. Zuma ita kaɗai tana shekaru ba ta komai saboda ruwan cikinta kaɗan ne, amma ranar da aka sirka ta da ruwan lemun tsami ko ruwa to ta zama kamar kowane abinci. Na taɓa buɗe na 'yata murfin ya yi tsss, ga ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, warin tsami-tsami yana hawa hanci, an zubar nan take. In kuma fumfuna ta fito a bakin kwalba kar a kwashe sama a ci ƙasa.

Anti nas, Garwa: Ƙanwata hanci ba ya kama komai da komai fa. Masu buga mayonez da ɗanyen ƙwai a gida, ƙwayar salmonela ba ta canza wari ko ɗanɗano, sai dai gudawa da zazzaɓi su biyo baya, irin wannan kar ya wuce kwana 3 zuwa 4. Mai ɗanyar tafarnuwa a cikin mai ma haka. Firijo ya tsaya a digiri 4, a waje kuma awa 2 ne iyaka, in zafi ya haura 32 awa 1, mu da muke ganin 40 ai sai ki lissafa. Sannan yaron da bai cika shekara ba ba a lasa masa zuma sam.

Amaryar Garwa: To Anti in an ɗauke wuta fa?

Hajiya daga Njamena: In ba a buɗe ƙofa ba firijo na riƙe sanyi wajen awa 4. Ya wuce haka, mai mayonez sai bola, ko ki yi saurin sa shi a kula da ƙanƙara. Kar ki ce za ki kai shi firiza, in ya narke tsinkewa yake, ruwa gefe mai gefe. Ni dai na ci ɗaya nake haɗawa, mutar cokali biyu zuma cokali biyu.