Muhawara: shin maganin ADHD (matsalar rashin natsuwa da kasa mai da hankali) mai araha daidai yake da na kamfanin asali?

Mai harhaɗa magunguna: Ina nan kan bakana cewa iyayen da ke biyan kuɗi mai yawa saboda sunan Ritalin ko Concerta asara kawai suke yi, domin sinadarin da ke taimaka wa yaro ya natsu ya mai da hankali ɗaya ne, wato methylphenidate. Mai arahar ba jabu ba ne. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amincewa da shi sai an gwada an ga yawan maganin da ke shiga jini ya yi daidai da na asali, tsakanin kashi 80 da 125 cikin ɗari.

Likitan yara: Malam, na yarda da kai a kan ƙwaya mai saurin aiki, wadda ƙarfinta ke ƙarewa cikin awa uku zuwa huɗu. Concerta kuwa daban take, domin ruwan ciki ne ke ratsa ɓawonta, ya riƙa tura maganin a hankali ta wata 'yar ƙofa har kusan awa 12. A watan Nuwamba na 2014 FDA da kanta ta janye shaidar daidaito daga samfuran kamfanonin Mallinckrodt da Kudco, saboda ta ga alamar ba sa sakin maganin yadda ya kamata a awannin ƙarshe na yini.

Mahaifiyar wani yaro: Likita, wannan ya yi daidai da abin da na gani. Da aka sauya wa ɗana ƙwaya a kantin magani, da safe lafiya lau yake, amma bayan azahar malamarsa ta ce ba ya iya zama wuri ɗaya, aikin gida kuma ya koma rigima.

Mai harhaɗa magunguna: Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya, amma kamfanoni biyu ba su isa a yanke wa sauran hukunci ba. A lokacin ma akwai samfurin Actavis, wanda kamfanin Janssen mai Concerta ne ke yin sa, ƙwaya ɗaya ce aka sauya mata kwali. Sannan idan launin magani ya canza, iyaye kan zuba ido fiye da da, har su ɗora wa ƙwaya laifin rashin barci ko gajiyar jarrabawa.

Likitan yara: Hakan na faruwa, sai dai ba a kan zato hukumar MHRA mai kula da magunguna ta Birtaniya ta gargaɗi likitoci a 2022 ba, cewa su yi hattara wajen sauya wa mara lafiya samfurin methylphenidate mai dogon aiki, su kuma rubuta sunan samfurin a takardar magani. Ni ba na hana mai araha. Abin da nake ƙi shi ne a ba yaro wannan yau, wata mai zuwa a ba shi wancan ba tare da an sanar da likitansa ba.

Mai harhaɗa magunguna: Wannan sharaɗin ya fi sauƙi a asibiti, Likita. Tun ƙarancin Adderall, wani maganin ADHD, da aka sanar a Amurka a Oktoban 2022, wanda daga baya ya shafi methylphenidate, sau da yawa samfuri ɗaya ne kawai ke kan kanta, kuma ban ga yadda zan mai da uwa gida hannu rabbana ba.