Aiki ne ya yi yawa ko mutane ne ba sa son yi?

Alhaji: Jama'a ni fa na daɗe ina faɗa, duk mai cewa babu aiki lalaci ne ke damunsa. Ku duba Birtaniya a 2022, guraben aikin da babu kowa a kai sun kai wajen miliyan 1.3, na Amurka kuwa sun haura miliyan 11, kamfanoni na ta cigiya babu mai zuwa. Yaran yanzu so suke su kwanta da waya a hannu kuɗi na shigowa

Malama: Alhaji da girmanka amma ka duba wane irin aiki ne tukuna. Da yawa daga ciki aikin otal ne da gidajen abinci da kula da tsofaffi da dakon kaya a sito, kana tsaye tun safe, wani ma kwantiragin da za a ba shi babu alkawarin awa ko ɗaya a ciki, wannan satin a kira ka kwana shida mai zuwa a ce zauna a gida sai mun neme ka, to da me za ka biya haya, mai gidan haya ai ba ya jiran a neme ka

Ɗan Autan Group: Gaskiya Malama ta faɗa 😂

Alhaji: Da babu gara ba daɗi. Mu ma da ƙaramin aiki muka fara

Baban Yara: Wannan haka ne Alhaji, amma kai da ka fara akwai matakalar hawa. Abin da ba a lura da shi, gurbi ɗaya sai a tallata shi sau da yawa a shekara saboda duk wanda aka ɗauka wata biyu uku ya gudu, kamar zuba ruwa a kwando. A Amurka a watan Nuwamba 2021 kaɗai mutum wajen miliyan 4 da rabi suka ajiye aiki, kuma akasarinsu ba kwanciya suka je yi ba, wani wurin suka koma da ya fi biya. Malalaci ai ba ya canza aiki

Malama: Kuma mafi ƙarancin albashi na tarayya a can dala 7.25 ne a awa tun 2009 bai motsa ba

Injiniya: Malama a yi adalci dai, jihohi da yawa sun ɗaga nasu sama da haka. Ni ina bayan Alhaji ta wani ɓangaren, kuna magana kamar duk mai ɗaukar ma'aikata hamshaƙi ne. Ƙaramin mai sana'a in ka tilasta masa ƙarin albashi ko ya rage mutane ko ya rufe

Baban Yara: Injiniya an gwada ai. Jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara mafi ƙarancin albashi a 1992, masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka kwatanta gidajen abincinta da na maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga aiki ya ragu ba. Card har lambar yabo ta Nobel ya samu a 2021

Injiniya: Ƙarin daga dala 4.25 ne zuwa 5.05 fa, ba ninkawa aka yi ba, kuma har yau masana na musu a kai, kar ka mayar da shi aya

Malama: To ni ba kuɗin kaɗai ne ya dame ni ba wallahi. Lokacin da direbobin manyan motoci suka yi ƙaranci a Birtaniya a 2021 har aka yi layin mai, an ƙara musu kuɗi, amma direbobin na kukan rashin wurin fakin mai tsaro da banɗaki mai tsafta da kwanaki ba ka ga iyalinka ba. Wulaƙanci ma yana korar ma'aikaci, a yi maka tsawa gaban kwastoma, ka yi ciwo ranar babu ko sisi

Alhaji: Wancan ai fitarsu daga Tarayyar Turai ce da korona, direbobi baƙi suka koma gida

Malama: Eh, kuma me ya sa sai baƙo ne ke iya jure aikin? 

Alhaji: Saboda baƙo ya san zafin nema. Ni har yanzu ina kan bakana

Ɗan Autan Group: Alhaji tsakani da Allah, ɗanka za ka bari ya sa hannu a kwantiragin da Malama ta faɗa?

Alhaji: Kai yaro ka kiyaye ni 😅 nawa karatu yake yi