Inshorar lafiyar iyayen da muka ɗauko zuwa Amurka: kowa ya faɗi yadda ya yi

Autar Hajiya, Greensboro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan dogon jira, mahaifiyata ta iso makonni uku da suka wuce da bizar IR-5, wadda ɗan ƙasa ke nema wa iyayensa. Shekarunta 67, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma likitanta a Damagaram ya ce a riƙa lura da ƙodarta. Maganin da ta taho da shi na wata biyu ne kacal. Na nemi in saka ta cikin inshorar wurin aikina, aka ce abokin aure da 'ya'ya kaɗai ake sakawa. Medicare kuma, inshorar lafiyar gwamnati ta dattawa, an ce da saura, sai ta shekara 5 a ƙasar. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, yaya kuka yi? Abin da ya same ku nake so in ji, daɗi ko wuya.

Yaya Babba, Houston

Wa alaikumus salam. Barka da zuwan Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ƙanwata, kafin komai ɗauko fasfonta ki duba ranar da aka buga mata hatimin shigowa. Daga ranar kina da kwana 60 ki yi mata rajista a kasuwar inshora ta Obamacare, ba sai kin jira lokacin rajistar kowa da kowa da ake buɗewa 1 ga Nuwamba ba. Kin riga kin cinye kwana 21. Ni wannan damar ce ta wuce ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin da Baba ya zo, wani abokina ya nuna mini inshorar baƙi, irin wadda masu zuwa ziyara ke saya. Na ga tana da araha, na saya hankalina kwance. A wata na huɗu wani ɗan rauni a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa saboda suga, ƙafar ta kumbura, muka kwana biyar a asibiti. Kamfanin ya ce ciwon da ya taho da shi ne, ba ya cikin abin da suke biya. Na koma na karanta takardar, ga shi nan a rubuce ƙarara. Ita kuwa ta Obamacare, tun 2014 doka ta hana a ƙi mutum ko a ƙara masa kuɗi saboda cutar da yake ɗauke da ita. Tsufa yana ƙara kuɗin, amma shi ma an yi masa iyaka: ba a cajin dattijo fiye da ninki uku na abin da ɗan shekara 21 ke biya.

Abin da ya rage mini nauyin bashin shi ne asibitin ba na neman riba ba ne, kuma irin waɗannan doka ta tilasta musu su tanadi tsarin rangwame ga marasa ƙarfi. Na cike takardu, aka yafe wani kaso, sauran na biya kaɗan-kaɗan har shekara biyu. Kafin zagayowar rajista, tsarin tallafin Harris Health na mazauna gundumarmu ne ya riƙe mana Baba. A Teksas kam kada ma mutum ya sa rai da Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, ga sabon zuwa.

'Yar Zango, Bronx

Sannu Auta. Labarin Yaya ya sa ni hawaye, domin ni da tawa kakar sa'a muka yi, ba wayo ba. Ita ta raine ni a Kumasi, kawuna ne ya ɗauko ta, amma a ɗakina take zaune. Dokar tarayya ta 1996 ta ce mai katin zama na dindindin sai ya shekara 5 kafin ya samu Medicaid. To amma a 2001 babbar kotun jihar Niyok ta yanke hukunci a shari'ar Aliessa cewa jihar ba za ta hana masu zama bisa ƙa'ida wannan kulawa ba, don haka da kuɗin jiha ake biya musu tun daga farko. Da haka ta samu likitan zuciya da maganinta. Kalifoniya ma da kuɗin jiha take ɗaukar su a Medi-Cal, wato Medicaid ɗin jihar. Wanda ya faɗa tsakani a birnin nan kuma akwai NYC Care, tsarin birnin na ganin likita ga marasa inshora, da aka fara a nan Bronx a 2019.

In kina da ɗan'uwa a nan wanda Hajiya za ta zauna wurinsa da gaske, ku yi shawara. Na ce da gaske, domin aron adireshi ƙarya ce, kuma a kan dattijuwar abin zai dawo.

Mai Cike Haraji, Columbus

Hajiya Auta, ni sana'ata cike wa mutane takardun haraji, kuma surukata ta bi ta wannan hanya a hannuna, don haka bari in ɗan tsawaita.

Tallafin da gwamnati ke bayarwa don rage kuɗin wata-wata ana auna shi ne da kuɗin shigar gidan da ke kan takardar haraji. A da, dattijon da ba shi da ko sisi, wanda shekara 5 ɗin nan ta hana shi Medicaid, yana iya samun tallafi mai tsoka shi kaɗai ko da samunsa bai kai ma'aunin talauci ba. Da wannan ƙofa surukata ta shiga. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta rufe ta daga farkon 2026. Ƙarin tallafin da aka kawo a 2021 shi ma ƙarshen 2025 ne wa'adinsa. Saboda haka wanda ya ba ki labarin yadda ya yi a 2022 gaskiya ya faɗa miki, amma lissafinsa ba zai yi miki aiki yau ba.

Abin da ya rage shi ne ki duba ko za ki rubuta Hajiya a cikin waɗanda kike ɗauke da nauyinsu a harajinki. In kin yi haka, gidanku ya ƙaru da mutum ɗaya, kuma in samunku ya faɗa tsakanin kashi 100 da kashi 400 na ma'aunin talauci, tallafi zai iya fitowa. In ya haura, cikakken kuɗi za ki biya, kuma na mai shekarunta ba ƙarami ba ne. Ki zauna da masu taimakon rajista da gwamnati ta amince da su, kyauta suke yi, a buga lissafin ta fuska biyu kafin ki zaɓa.

Sai batun wace iri, domin inshorar kasuwar hawa-hawa ce, akwai mai suna tagulla, akwai azurfa da sauransu. Mu da farko ta tagulla muka ɗauka don kuɗin watanta kaɗan ne, sai muka tarar kusan kowace ganin likita da gwajin jini daga aljihu muke biya kafin inshorar ta fara ɗauka. Mai ciwon da ba ya rabuwa da asibiti, ta azurfa ta fi masa, musamman da yake rangwamen kuɗin aljihu ga masu ƙaramin ƙarfi a kanta kaɗai ake bayarwa. Akwai kuma iyakar abin da za ki kashe daga aljihu a shekara, a 2025 dala 9,200 ce ga mutum ɗaya. Wannan iyakar ita ce ainihin abin da kike saya.

Kada kuma ki manta da fom I-864 da kika sa wa hannu. Alkawarin ɗaukar nauyinta ne da doka ke riƙewa har sai ta zama 'yar ƙasa, ko an lissafa mata aikin kimanin shekara 10, ko ta bar ƙasar dungum, ko rai ya yi halinsa. Hukumar da ta ba ta tallafin marasa ƙarfi tana da ikon neman kuɗinta a wurinki. Kafin ki nemi irin wannan tallafi, ki ga lauyan shige da fice.

Anti Nas, Chicago

Ni ta ɓangaren magani zan shigo, don shi ne ba ya jira. Auta, yau ɗin nan ki nemi cibiyar lafiyar al'umma mafi kusa da ke, irin waɗanda gwamnatin tarayya ke tallafawa. Gwargwadon samun mutum suke caji, kuma suna ganin wanda ba shi da inshora. A gwada sugarta na wata uku, a duba ƙodar, a sake rubuta mata magani da sunayen da kantunan nan suka sani. Ki tafi da kwalayen da ta zo da su gaba ɗaya, tunda na Nijar da Faransanci aka rubuta su. Metformin da amlodipine da lisinopril duk suna cikin jerin magungunan dala 4 na Walmart, kuma suna da insulin irin na da a kan kusan dala 25 kwalba. Sai dai kada a sauya mata insulin ba da sanin likita ba, yadda suke aiki a jiki ya bambanta.

Abin da ya fi damuna kuwa na gani a gidana. Mahaifina ya ji ni a waya ina jayayya kan kuɗin asibiti, daga ranar ya fara raba ƙwayar hawan jininsa biyu don ta daɗe. Bai faɗa wa kowa ba. Ni da nake aikin jinya sai da na ƙirga ƙwayoyin na gane. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Ban zo in ƙarar da ke ba." Iyayenmu suna da kunya da kara, ba za su ce miki ciwo ya tashi ba in suna ganin kuɗi zai fita. Ki daina maganar kuɗi a gabanta, ki riƙa ƙirga maganin da kanki. In kuma abu ya taso da dare, ki kai ta sashen gaggawa kai tsaye; tun 1986 doka ta hana su mayar da mai buƙatar gaggawa saboda rashin kuɗi. Takardar biya za ta biyo baya, wannan a yi maganarta daga baya.

Bakano, Atlanta

Ni fa na sha bamban da ku. Na yi shekara ɗaya ina biya, na ga abin ya fi ƙarfina, Alhaji mahaifina kuma kewar gida da masallacinsa ta dame shi. Muka yi shawara ya koma Kano, ina aika kuɗin likita da magani, ƙannena suna kai shi. Ya fi walwala. Amma ku sani akwai abin da aka rasa: fita ta fi wata 6 tana jawo tambayoyi a filin jirgi, ta shekara guda ba tare da takardar izinin dawowa ba tana iya cinye katin. Shekara 5 ɗin Medicare ma a jere ake son mutum ya zauna. Ko an cika su, wanda bai yi aiki a nan ba saya yake yi: a 2025 sashen A na kwanciya asibiti dala 518 ne a wata, sashen B na ganin likita dala 185.

Maman 'Yan Biyu, Toronto

Mu a Ontariyo da zarar sun zama mazauna dindindin suna shiga OHIP, inshorar lafiyar gwamnatin lardinmu a nan Kanada, alkawarin ɗaukar nauyinsu ne dai shekara 20. Ina yi muku addu'a, Allah Ya kawo sauƙi.

Autar Hajiya, Greensboro

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Babba, na duba hatimin, saura kwana 36 yanzu. Mun je cibiyar lafiyar jiya, an ɗibi jininta, Litinin za mu karɓi sakamako. Malam Mai Cike Haraji, mai taimakon rajista ta ba ni ranar Alhamis, zan tafi da takardar harajin bara. Zuwa Niyok ba zai yiwu ba, ba mu da kowa a can. Anti, da na dawo na zazzage kwalbar maganin hawan jininta na ƙirga, ƙwaya 9 sun yi rara. Ban ce mata komai ba tukuna, na dai mayar da maganin ɗakina, ni nake ba ta safe da dare.