Siffantawa ko dabbantarwa? Don Allah masana adabi ku warware min

Ɗalibar Hausa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina ajin ƙarshe a kwalejin ilimi, sashen Hausa, jarrabawa saura sati biyu, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai a darasin adon harshe. Kamantawa na gane ta, tunda da zarar na ga kamar ko tamkar ko sai ka ce na san ita ce. Amma in aka ce "Sarki giwa ne", wannan siffantawa ce ko dabbantarwa? A tes ɗin da muka yi na rubuta dabbantarwa aka soke min, ƙawata ta rubuta siffantawa aka ba ta maki, alhali giwa ai dabba ce kuma sarki mutum ne, to ina laifina? Wallahi abin ya dame ni don ba maki kaɗai nake so ba, so nake in gane, nan da shekara ɗaya ni ma yara zan koyar.

Malamin Sakandare:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar nan kusan duk shekara sai ɗalibaina sun yi min ita, kuma ba ki yi shirme ba, wurin ne da ma yake da santsi.

Yadda nake koyar da shi, ki duba abin da aka YI wa sarkin a cikin maganar. In an ɗauki sunan wani abu an ɗora masa kai tsaye, an ce shi ne abin, ba kamar ba tamkar, to siffantawa ce. Sarki giwa ne. Kano tumbin giwa. Hadari malafar duniya. Duk ba a ce sun yi kama ba, cewa aka yi su ne. Ita kuwa dabbantarwa ba sai an ambaci sunan dabbar ba ma, hali ko aiki ko wata gaɓa ta dabba ake ba mutum, misali in na ce "da ya ji an taɓa ɗansa sai ya yi gurnani ya fito da farata", kin ga ban ce zaki ne ko damisa ba amma kowa ya ga dabbar a idonsa. Dabbantarwa ɗaya ce daga 'ya'yan jinsintarwa guda uku, da mutuntarwa da abuntarwa. Mutuntarwa ita ce a ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar "yunwa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa tun asuba", yunwa ai ba ta da hannu. Abuntarwa kuma a mai da mutum ko dabba abu marar rai, "tsohon nan ya yi tsatsa".

Sannan kamantawar da kika ce kin gane, ki sake dubawa fa, don ba kamar kaɗai ba ce. Akwai ta daidaito, ita ce mai kamar da tamkar da awa. Akwai ta fifiko, "maganarta ta fi zuma zaƙi". Akwai ta kasawa, "hasken fitilar nan bai kai na wata ba". Yara da yawa suna faɗuwa a nan saboda suna neman kamar ba su gani ba sai su ce babu adon harshe a baitin gaba ɗaya. Waɗannan rabe-raben Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya yi aiki sosai a kansu a hanyarsa ta feɗe waƙa, in akwai littafinsa a laburaren ku ki nema ki karanta da kanki, ya fi handawut ɗin da ake sayar muku nesa ba kusa ba.

Mai Alƙalami daga Zazzau:

Malam Allah ya ƙara basira, bayani ya fita. Amma ni ina ganin malamin da ya soke mata bai kyauta ba in dai bai yi mata bayani ba, domin gaskiya "Sarki giwa ne" tana da ƙafa a gida biyu, ta fuskar ginin magana siffantawa ce, ta fuskar jinsi kuma an fitar da mutum daga jinsinsa an kai shi na dabba, kuma na ga masu nazari da suke kiran irin wannan dabbantarwa musamman a waƙoƙin fada inda makaɗi zai ce wa sarki toron giwa ko bajimi ko gwanki sha bara. Da ni ne mai makin, duk wanda ya kawo hujja zan ba shi.

Ni abin da ya fi damuna ma, mu da muke rubuta waƙa, shi ne a tsaya a suna. To an ce siffantawa ce, sai me? Me ya sa giwa, me ya sa ba zaki ba? Giwa nauyi ce da girma da tafiya a natse, in ta bi hanya sai ta bar wa na baya turba, zaki kuwa tsoro ne da kisa. Makaɗin da ya zaɓi giwa ya san sarkin da yake yi wa waƙa, ya san abin da yake so fadawa su ji. Haka "duniya budurwar wawa", ki tsaya ki kalli hoton nan da kyau 'yar'uwa, kwalliya, yaudara, da wanda ya ruɗe a kanta ya ƙarar da abin hannunsa, duk a kalma uku. Wannan shi ne abin da za ki nuna wa yaranki in kin fara koyarwa.

Kuma tunda jarrabawa ce, kar ki manta da zubi da tsari. Layi ɗaya ɗango, tarin ɗangwaye baiti, mai biyu ƙwar biyu, mai biyar ƙwar biyar. A ƙwar biyar ɗango huɗu na farko su suke ɗauke da ƙaramin amsa-amo, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango, wanda yake canjawa daga baiti zuwa baiti, na biyar ɗin shi ke riƙe da babban amsa-amo tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Tahamisi kuma shi ne wani ya zo ya tarar da waƙa ƙwar biyu ya ƙara ɗango uku a saman kowane baiti ta koma biyar, kamar yadda Isan Kware ɗan Shehu Usmanu ya yi wa waƙar Tabban Haƙiƙan, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci Nana Asma'u ta mai da ita Hausa. Wannan tambayar tana yawan fitowa.

Uwar Labari:

Ni dai ba 'yar jami'a ba ce, littattafai nake rubutawa ina sakawa a WhatsApp, amma na ƙaru sosai. Ashe abin da nake yi kullum suna gare shi, in na rubuta "kishi ya shaƙe mata wuya ya hana ta barci" ashe mutuntarwa ce. Malam don Allah in na sa hadari ya haɗu ranar da za a kawo amarya don mai karatu ya ji a jikinsa cewa gidan nan ba za a zauna lafiya ba, shi kuma mene ne sunansa?

Malamin Sakandare:

Hajiya wannan alamtarwa ce, kin sa abu ya tsaya a madadin wani abu ba tare da kin faɗa ba. Sai dai ki lura, a wajen manomi hadari albishir ne, don haka sauran labarin ne zai nuna wa mai karatu wane hadarin kike nufi. Mai Alƙalami kuma na yarda da kai cewa masana sun saɓa a wurin, ni dai na faɗa mata wanda aka fi yin maki da shi ne.

Ɗalibar Hausa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya Mai Alƙalami, Allah ya saka da alheri. Yanzu in ta sake fitowa zan rubuta siffantawa, in kawo dalilin cewa an kira shi giwa kai tsaye, sannan in ƙara layi biyu kan me giwar take nunawa game da sarkin. Saura kambamar zulaƙe, "ta yi kuka har hawayenta ya cika randa" ita ce ko?

Mai Alƙalami daga Zazzau:

Ita ce. Ki duba kirarin mafarauta da na 'yan dambe za ki samu misalai har ki gaji da kwafa.