Muhawara: A Yi Wa Sadiƙ Tiyatar Hannu Ko A Bar Shi Yadda Ya Saba?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina bin wannan zaure ban taɓa tankawa ba, amma yau raina a ɓace yake. Ɗana shekararsa 15, kuma tun ranar da aka haife shi hannunsa na dama bai zo daidai da na hagu ba, domin kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa, jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu suka samu rauni. Yatsunsa suna aiki, amma damtsen ya murɗe ciki, ba ya iya kai hannu ƙeya, idan kuma zai kai abu baki sai ya ɗaga gwiwar hannu sama kamar mai busa ƙaho. Likitan ƙashi ya duba hoton kafaɗar, ya ce zai iya yanka ƙashin damtsen ya juya shi waje, ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Ni na amince, mahaifinsa ya ce a'a, wai yaron ya riga ya saba. Abin da nake cewa shi ne, duk uban da aka nuna masa hanyar gyara hannun ɗansa ya ƙi, ya zalunci yaron. Ku faɗa mini in na yi kuskure.

Nafisa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni da irin wannan hannu na tashi, yanzu shekarata 31, kuma kalmar da ta tsaya mini a wuya cikin zancenki ita ce gyara. Abin da ya lalace ake kaiwa gyara. Na girma ina jin manya suna shawara a kaina, ina zaune, kan yadda za a gyara ni, kuma wallahi wannan ya fi hannun ci mini rai. Yaron da ya yi shekara 15 yana sa rigarsa, yana rubutu, yana wasa da tsararrakinsa, bai kamata ya ji mahaifiyarsa tana ambaton gaɓarsa kamar kayan da aka ajiye ana jiran makaniki ba.

Auwal: Malama Nafisa, da girmamawa, kin yi wa Yayata mummunar fahimta. Ana gyara zama, ana gyara murya, ana gyara tsakanin mutane biyu, babu wanda ya taɓa ɗaukar hakan zagi. Ni kawun yaron ne, na ga yadda yake ɓoye hannun a aljihu duk lokacin da za a ɗauki hoto. Wanda bai ga wannan ba bai kamata ya zo yana koya wa uwa yadda za ta yi magana a kan ɗanta ba.

Nafisa: Malam Auwal, ni ma na ɓoye nawa a aljihu shekara da shekaru, saboda haka ba labari kake ba ni ba. Ka tambayi kanka wa ya koya masa cewa abin ɓoyewa ne.

Malama Rabi: Ni aikina gashin ƙashi ne, kuma ni ma ban gamsu da kalmar ba, sai dai dalilina daban ne da na Nafisa. Jijiyoyin da ke motsa hannu saiwa biyar ne suke fitowa daga laka, huɗu daga wuya, ɗaya daga saman ƙirji, sannan su sarƙe da juna kafin su bazu cikin hannu. Abin da Hajiya ta siffanta ya yi kama da raunin biyun sama, wanda ake kira da sunan Erb, likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1874. Tiyatar da ake yi wa jijiyar kanta, wato a ɗinka ta ko a yi mata daso da wata jijiya da aka ɗauko daga ƙafa, aikin jarirai ce, galibi tsakanin wata 3 zuwa wata 9, domin jijiya tana tsirowa kimanin milimita ɗaya ne a rana, tsokar da ta rasa jijiya kuwa idan ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a haka ba ta ƙara amsawa. Wannan ƙofa ta rufe wa Sadiƙ tuntuni. Abin da ya rage a shekarunsa aiki ne a kan ƙashi, ko tsoka, ko gaɓa. Idan kafaɗa ta daɗe a murɗe ciki, kan ƙashin damtse yana zamewa baya, kwarmin da yake zama a ciki ya canza siffa, shi ya sa sauya wa tsoka mazauni, wanda ke amfanar ƙananan yara, ba kasafai yake isa ba idan an girma, sai a koma ga yanka ƙashin. Juya ƙashin kuwa ba ya ƙara wa kafaɗa motsi ko kaɗan. Motsin da take da shi ake ɗauka a matsar da shi waje, yaro ya samu kai hannu baki da ƙeya cikin sauƙi, amma abin da aka ƙara a waje daga ciki aka rage shi. Idan aka juya fiye da kima, sai ya wahala wajen ɓalla maɓallin riga, ko ɗaure wando, ko kai hannu baya. Wannan musaya ce, Hajiya, kuma wanda ya shiga ɗakin tiyata da zaton gyara zai iya fitowa da ɓacin rai ko da aikin ya yi kyau.

Auwal: To ai musayar ma gyara ce, tunda ana neman abin da ya fi. Kuna ta jayayya a kan lafazi alhali kowa ya gane manufa.

Alhaji Tanko: Ni abokin mahaifin yaron ne, ba zan ɓoye ba, kuma bayanin Malama Rabi ya wanke shi sarai. Mutumin da aka ce ya yi zalunci ashe shi ne ya hango abin da kowa bai hango ba. Hajiya, ki yi haƙuri, amma bai dace a kira shi azzalumi a gaban jama'a ba, alhali shi ya yi ta ɗawainiyar kai yaron gashi tun yana goye.

Malama Rabi: Alhaji, ban wanke kowa ba, kar a sa mini magana a baki. Akwai samari da 'yan mata da aka yi wa wannan aiki suka ji daɗinsa ƙwarai, musamman waɗanda hannunsu ya manne da ciki har ba sa iya miƙa shi gaba su karɓi abu da hannu biyu. Abin da ya kamata a tambayi likitan shi ne mizanin da ya auna yaron da shi. Akwai ma'aunin Mallet, wanda ake duba ɗaga hannu, da juya shi waje, da kai shi ƙeya, da baki, da gadon baya. A tambaye shi wanne daga cikin waɗannan yake sa ran zai ƙaru, wanne zai ragu, da kuma makonni nawa hannun zai yi a rataye kafin ƙashin ya haɗe a fara gashi.

Auwal: Duk wannan wahala da ba a sha ta ba in da ungozomar da ta karɓi haihuwar ba ta yi sakaci ba. Fizgar kan yaron ta yi, ita ta ɓata hannun, yanzu kuma an hana mu ko ambaton gyara.

Sista Hauwa: Malam Auwal, tsaya nan. Kana ɗakin haihuwar? Shekara 19 ina karɓar haihuwa, kuma na san abin da ake nufi da kai ya fito kafaɗa ta maƙale bayan ƙashin mara. Mintuna ƙalilan ne tsakanin ungozoma da mutuwar jariri ko lalacewar ƙwaƙwalwarsa. Wannan rauni yana samun kimanin jariri 1 zuwa 3 cikin kowane 1,000, ya fi yawa ga manyan jarirai da suka haura kilo 4 da kuma 'ya'yan masu ciwon sukari, kuma an sha samun sa har a jariran da aka ciro ta hanyar tiyata, waɗanda babu wanda ya ja kansu ta ƙasa. Ban ce ba a taɓa yin ganganci ba, amma ba kowane hannu irin wannan ne shaidar sakaci ba.

Auwal: Wato yanzu laifin Yayata ne, tunda kin kawo zancen ciwon sukari? Haka kuke kullum, ɗayanku ba ya taɓa laifi.

Sista Hauwa: Ban san ko tana da shi ba, ban kuma ɗora mata komai ba. Kai ka fara ɗora wa baiwar Allah da ba ta nan laifi, ba tare da ka ga takardar haihuwar ba.

Alhaji Tanko: Sista ta yi gaskiya. Dangin uwa sun fara da mahaifi, sun koma kan ungozoma, gobe kuma likitan za su kama idan aikin bai yi musu ba.

Nafisa: Ina ta jira wani ya tambaya, tunda babu, ni zan tambaya. Hajiya, shi Sadiƙ me ya ce? Hannunsa ne za a yanka, shi zai yi watanni yana gashi, kuma shi kaɗai ya san ko kai hannu ƙeya ya fi masa ɓalla maɓalli muhimmanci.

Maman Sadiƙ: Da likitan ya tambaye shi, cewa ya yi abin da ya fi damunsa gwiwar hannun da ba ta miƙewa sosai, da ciwon da yake ji a kafaɗa idan ya daɗe a zaune. Bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba.

Malama Rabi: Wannan kuwa wata magana ce daban, domin juya ƙashin damtse ba don miƙar da gwiwar hannu ake yin sa ba. Ita ana fara gwada mata filasta ne da ake sauyawa lokaci-lokaci, da abin ɗaure hannu da ake sawa da dare don ya riƙe gwiwar a miƙe.

Auwal: Yaro ne, ba zai san abin da zai buƙata yana da shekara 30 ba. Kuma har yanzu Sista ba ta janye zancen ciwon sukarin ba.

Sista Hauwa: Ka janye sakaci, in janye abin da ban faɗa ba.

Malam Jibrin, mai kula da zaure: Ya isa haka, zan taƙaita in rufe. 'Yata an sauya mata mazaunin tsokar kafaɗa tana da shekara 4, yau tana taje kanta da hannun, don haka na san darajar wannan aiki. Abin da na fahimta daga tattaunawar shi ne, ƙwararriyar da ke cikinmu ta tabbatar da cewa waɗanda aka yi wa tiyatar sun ji daɗinta ƙwarai, kuma jinkiri ne yake rufe ƙofa, kamar yadda ya riga ya rufe ta farko. Ƙorafin 'yar'uwa Nafisa na lafazi ne, muna mutunta shi, amma bai taɓa asalin magana ba. Batun ungozoma ya wuce. Shawarar zaure ga Hajiya ita ce ta lallashi maigida da ruwan sanyi a sa rana.

Malama Rabi: Malam Jibrin, aikin da aka yi wa 'yarka ba shi ne za a yi wa Sadiƙ ba, kuma rabin maganata ka ɗauka. Ban ce jinkirin wata shida ko shekara zai rufe wa mai shekara 15 ƙofar juya ƙashi ba. Hajiya, idan za ku koma asibiti, ku bar shi ya shiga wurin likitan shi kaɗai na minti goma kafin ku shiga.