Neman shawara: likita ta ce a yi wa ƙanena dashen tantanin ido, Baba ya ƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ƙanena ne, shekarunsa 24, bara lokacin sussukar gero ƙaiƙayi ya faɗa masa a idon dama. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, wata tsohuwa kuma ta kawo na gargajiya. Kafin mu kai shi asibiti idon ya yi gyambo, da ya warke sai hakiya ta rufe baƙin idon, yanzu haske kawai yake bambancewa da duhu. Likita ta ce cikin idon lafiya lau yake, tantanin gaba ne ya mutu, kuma ana iya dasa masa na wani da ya rasu. Nan fa Baba ya ce faufau, ba za a sa wa ɗansa idon gawa ba. Ni na ce to a cire nawa ɗaya, likitar ta ce ba a yin haka. Yaron tela ne, yanzu zare ma da ƙyar yake sa wa allura, ya daina fita cikin abokansa. Shin addini ya yarda? Kuma aikin yana yi kuwa?

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido. Fara gyara wa Baba fahimta, domin ba ƙwayar ido ake cirewa a sa wata ba, wannan har yau ba a taɓa yin sa ya dawo wa mutum da gani ba. Abin da ake canzawa tantani ne garai-garai da ke gaban baƙin ido, kamar gilashin agogo, kaurinsa kusan rabin milimita. Ana yanke wurin da ya yi fari, a ɗora lafiyayye, a ɗinke da zaren da ya fi gashi siranta. Launin idonsa ba zai canza ba, da idonsa zai ci gaba da gani. Aikin kuma ya daɗe, tun 1905 wani likita Eduard Zirm ya yi shi cikin nasara a Turai. Tantanin ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa yawanci ba a neman jini ya zo ɗaya, kuma jiki bai cika ƙin sa ba kamar yadda yake ƙin ƙoda.

Amma in gaya maka gaskiya, ɗan uwa, wahalar tana bayan aiki. Zai yi ta ɗiga magani wata da watanni, wani ma shekaru, zaren kan kai shekara kafin a cire, ganin kuma a hankali yake washewa. Ranar da idon ya yi ja, ko ciwo, ko ya kasa kallon haske, ko gani ya ragu, a ranar za a koma asibiti, ba washegari ba. Sannan hakiyar da ta biyo bayan gyambo, idan jijiyoyin jini sun shiga cikinta, haɗarin jiki ya ƙi dashen ya fi yawa. Ku tambayi likitar wannan kai tsaye.

Malam Sani:
Tsoron Baba yana da tushe, kada ka yi masa gardama da zafi. Akwai hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma saboda shi wasu malamai suka hana. Sai dai mafi yawan majalisun fatawa na wannan zamani sun halatta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta yarda a ɗauki gaɓa daga mamaci a dasa wa mai buƙata, da sharaɗin shi mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa su yarda, kuma ba sayarwa aka yi ba. Hujjarsu ita ce abin da hadisin ya hana wulaƙanta gawa ne, wannan kuwa magani ne da mai shi ya bayar sadaka. Shawarata, ka samu malamin da Baba yake ganin girmansa, ku je tare, kai ka yi shiru shi ya yi bayani.

Maman Hanifa:
Allah ya ba shi lafiya. An yi wa 'yata shekara uku ke nan, nata ƙyanda ce ta bar mata tun tana ƙarama. Jiran tantanin ne ya fi ba mu wahala, don daga waje aka kawo shi, kuma sai ga waya kwatsam an ce mu zo cikin kwana biyu, tunda ba ya jure dogon ajiya. Ku tanadi kuɗin aiki da na magani da na mota tun yanzu. Da aka cire bandeji ba ta ga komai sosai ba, na yi kuka na zaci an yi asara. Bayan wasu watanni ina tsintar shinkafa sai ta miƙo hannu ta cire wani ɗan tsakuwa da ni ban gani ba, alhali lafiyayyen idon a rufe yake da hannunta, gwaji take yi. Yanzu tana sa tabarau tana zuwa makaranta.

Abban Sadiq:
Sista, mahaifiyata hawan jinin ido ne ya makantar da ita. Wannan dashen zai yi mata?

Sista Rabi:
Ayya, Abban Sadiq, ba zai yi ba. Nata jijiyar gani ce ta lalace, ba tantani ba. Amma ku 'ya'yanta duk ku je a auna idanunku, don yana bin jini.

Injiniya Bello:
Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Maman Hanifa, cewa daga waje aka kawo. Ƙasar Siri Lanka ta yi shekaru tana aika tantanin ido zuwa ƙasashe da dama, saboda mutanenta sun saba yin wasiyya da shi tun shekarun 1960. Mu kuwa muna karɓa, ba ma bayarwa. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna a duniya mutum 70 ne ke jiran tantani ɗaya. Na san muna gaggauta jana'iza, amma shi ma cirewar cikin 'yan sa'o'i bayan rasuwa ake yin ta, ba ta ɗaukar lokaci, fuska kuma ba ta canzawa, a yi wanka a yi sutura yadda aka saba. Ni dai na gaya wa iyalina na yarda a ɗauki nawa in da hali.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Umma amsoshinku, ta ce ita za ta fara shawo kan Baba da dare, ranar Juma'a kuma mu je wurin limaminmu. Sista, kafin nan akwai abin da zai riƙa ɗigawa?

Sista Rabi:
Kada ya ɗiga komai sai abin da likitarsa ta rubuta, na kemis ko na gida. Ya riƙa sa tabarau mai kariya in zai yi aiki, saboda idon hagun shi ne jarinsa yanzu. In kun koma, ku nemi a sa sunansa a layin masu jira tun kafin Baba ya gama yanke shawara.