Layinmu ya zama hanyar yanke: wa ke da ikon sa masa tudun rage gudu?

Mazaunin Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙa'idar hanyoyi. Tun da aka zuba wa layinmu da ke Tudun Wadar Zariya kwalta, masu gudun cunkoson babban titi suka mayar da shi hanyar yanke, har ta kai ga tifofin yashi suna bi ta ƙofar gidajenmu, alhali kuwa akwai masallaci da makarantar Islamiyya a kan layin. Matasa sun yi karo-karo za su zuba tudun siminti, dattawa kuma sun ce doka ba ta ba mu wannan iko ba. Ta yaya ake sanin hukumar da ke da layi, kuma anya tudun shi ne maganin?

Injiniya daga Hanwa:

Wa alaikumus salam. Malam, dattawanku suna da gaskiya. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne ta fuskar mallaka: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta tarayya ce, haka ma wadda ta tashi daga Kwangila ta ratsa Samaru ta gaban Jami'ar Ahmadu Bello ta nufi Funtuwa. Layukan cikin unguwa kuwa, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora ginawa da kula da su, har da magudanan ruwa da raɗa musu suna, a kan ƙaramar hukuma, sai dai idan jiha ce ta gina layin, to da wuya a taɓa kwaltarsa ba da sanin hukumar hanyoyi ta jihar Kaduna, wato KADRA, ba.

Amma akwai wani rabon da ya fi wannan muhimmanci a matsalarku, shi ne rabo ta fuskar aiki. Akwai babban titi wanda aikinsa wucewa, akwai matsakaici wanda yake tattaro motocin unguwa ya miƙa su ga babba, akwai kuma layin gidaje wanda ba a yi shi don kowa ba sai mai zuwa gida ko baƙonsa. Naku layin gidaje ne da aka ɗora wa aikin matsakaicin titi ba tare da an yi masa gefen masu tafiya a ƙasa ba. Muddin ba a yanke hukunci kan wanne ne daga cikin biyun ba, duk abin da kuka zuba a kansa kame-kame ne.

Mai Keke Napep daga Sabon Gari:

Ranka ya daɗe Injiniya, a bar ni in faɗi ta ɓangarenmu, domin mu ne muke hawa waɗannan tudun daga safe har dare. Yawancin waɗanda unguwanni suke zubawa tsayi gare su, ba faɗi, babu fenti, babu allon gargaɗi, saboda haka baƙon da ya shigo da dare ba ya gani sai ya riga ya doka. Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda ko mai karaya zuwa asibitin Shika ya san abin da nake nufi. Da damina kuma tudun yana tare ruwa, ruwan ya ci gefen kwaltar, wadda ita ce aka daɗe ana roƙon a zuba.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan acaɓa ba sa hawa, sai su ratse ta gefe, ta daidai inda yaran suke tafiya. Ga shi kuma na ji a 2025 Ministan Ayyuka David Umahi ya ba da umarnin a cire irin waɗannan tudun.

Malamar Firamare daga Gyallesu:

Malam mai keke, ban ƙi ta taka ba, amma wahalar hawa tudu ba ta kai ta ɗaukar yaron da mota ta buge ba. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari, kuma ko wannan ya yi yawa a ƙofar makaranta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take kiran a tsaya a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. Yaro ɗan shekara shida ba ya iya auna gudun abin da ke tunkaro shi, balle a lokacin tashi daga Islamiyya, gab da magariba, sa'ad da kowa yake sauri.

Sai dai ina so a lura da wani abu. A lungunan cikin Birni, idan an shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan aka bar babban titi, ba a cika gudu ba ko da babu tudu, domin hanya matsattsiya ce mai kwana-kwana, dole direba ya natsu. Miƙaƙƙen layi mai santsi shi ne yake kiran gudu. Don haka ni a ganina a fara da hana manyan motoci shiga, a kuma samu dattijo ko biyu masu tsallakar da yara a lokacin tashi.

Injiniya daga Hanwa:

Umarnin minista ya shafi hanyoyin tarayya ne, bai taɓa layin unguwa ba. Ƙorafin mai keke kuma a kan mummunan gini yake. Tudun da aka yi bisa ƙa'ida tsayinsa ba ya wuce santimita 10, faɗinsa daga inda taya za ta hau zuwa inda za ta sauka ya kusa mita 4, ana shafa masa fenti, a kafa allo kafin a iso shi, a kuma bar wa ruwa 'yar hanya wadda babur ba zai iya bi ba. Irin wannan mota tana hawansa a hankali ba tare da ya daki cikinta ba. Dalilin damuwa da gudu kuwa lissafi ne: idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yana ninka huɗu.

Shawarata ita ce ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da limami da shugaban makarantar, ku bi ta hannun kansila zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukumar Zariya, ku aika kwafi ga KADRA da KASTLEA, wato hukumar jiha mai tabbatar da bin dokokin hanya. Ku nemi abu biyu a jere: a ayyana layin a matsayin na gidaje a hana tifofi, sannan a turo wanda zai auna inda tudu ya dace. Kuɗin karo-karon ku ajiye, domin mai yiwuwa a ba ku izini a ce ku sayi siminti da fenti.

Mazaunin Tudun Wada:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa mai unguwa wannan bayani bayan sallar Juma'a. Saura abu ɗaya, Injiniya: layin da ke bayanmu shi ma yana fita babban titi, kuma idan muka tare namu can motocin za su koma. Shin mu haɗa takarda ɗaya da mutanen wancan layi, ko kowa ya rubuta tasa?